Zaɓen zare da launi wajen saƙar kyauta a Sakkwato

A birnin Sakkwato, kamar sauran biranen arewacin Nijeriya, kayan saƙar hannu na daga cikin kyaututtukan da mata ke kai wa ƙawayensu, musamman a lokacin haihuwa da suna.

A unguwanni irin su Gawon Nama, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yake, ba baƙon abu ba ne mace ta je barka ɗauke da hular jariri da safa da rigar sanyi, waɗanda ta saƙa da kanta da kwarashi.

Aiki ne dai da kan ci kwanaki, wani sa'in ma makonni. Sai dai kuma sau da dama akan tarar an adana kyautar a akwati ba a yi amfani da ita ba, ko kuma ta lalace a wankin farko. Galibi ba daga hannun mai saƙar matsalar take ba, daga zaren da ta zaɓa ne.

Ulun da ba ulu ba

Kalmar kwarashi ta samo asali ne daga Faransanci, inda take nufin ƙaramar ƙugiya. Saƙar ta bazu a Turai a ƙarni na 19, kafin ta iso ƙasar Hausa a zamanin mulkin mallaka.

Zaren da aka fi amfani da shi wajen wannan saƙa shi ne wanda ake kira ulu. To amma akasarin abin da ake sayarwa da wannan suna a kasuwannin arewa ba gashin tumaki ba ne. Zaren roba ne da ake kira akirilik, wanda ake sarrafawa daga sinadaran man fetur. Kamfanin DuPont na Amurka ne ya ƙirƙiro shi a 1941, ya kuma fara sayar da shi a 1950 da sunan Orlon.

Zaren robar na da araha, yana jure wanki, kuma launinsa ba ya saurin koɗewa. Illarsa ita ce ba ya tsotse gumi, yana kuma riƙe zafi a jiki.

Ban da haka, idan wuta ta taɓa shi narkewa yake yi ya manne wa fata. Wannan kuwa abin lura ne a gidajen da ake shigar da kaskon garwashi ɗaki a lokacin hunturu, ko ɗakin mai jego.

Ulu na ainihi ya fi ɗumi, yana iya tsotse laima kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa ba tare da an ji ya jiƙe ba, kuma ba ya saurin kama wuta. Amma yana da tsada, yana iya sa fatar jariri ƙaiƙayi, kuma idan aka cuɗa shi da ruwan zafi sai ya tsuke ya dunƙule.

Masu saƙa na da hanyar bambancewa. Sukan yanki ɗan guntun zare su kusantar da shi ga ashana. Auduga kan ci da wuta da warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi. Ulu kan yi ƙaurin gashi. Zaren roba kuwa sai ya narke ya bar baƙin dunƙule mai tauri.

Yanayin garin ne alƙali

Sakkwato na cikin biranen da suka fi zafi a Nijeriya. A watannin Maris zuwa Mayu zafin rana kan haura maki 40 a ma'aunin Selshiyos. Sanyin da ke sa a nemi kayan ɗumi kuwa ɗan gajere ne, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke kaɗawa da dare da kuma sassafe.

Ke nan rigar ulu mai kauri da aka saƙa wa jaririn da aka haifa a watan Afrilu ba ta da ranar sawa. Kafin sanyi ya dawo ya girme ta. Mai son ta yi irin wannan kyauta sai ta saƙa ta da girman ɗan wata takwas ko tara.

A sauran watannin shekara zaren auduga ne ya fi dacewa, domin yana shan gumi, iska na ratsa shi, kuma yana jure wankin yau da kullum. Aibinsa shi ne yana da nauyi, ba ya talewa ya koma yadda yake, saboda haka hular da aka yi da zallarsa kan saki bayan an jima. Shi ya sa wasu ke gwammace zaren da aka gauraya auduga da roba.

Akwai kuma audugar da aka gyara da sinadari ta yi sheƙi, bisa dabarar da Baturen Ingila John Mercer ya gano a 1844. Ita ce ta fi kyau ga jaka da shimfiɗar tebur da marufin kwano, irin waɗanda ake ba amarya.

Likitocin yara su ma suna da abin cewa. A shawarwarin da ta fitar a 2022, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce kada a riƙa sa wa jarirai hula a cikin ɗaki, in ban da sa'o'in farko bayan haihuwa, saboda gudun zafi ya yi musu yawa. Haka kuma saƙa mai manyan ramuka ko zaren da bai ɗauru ba na iya naɗe yatsan jariri.

Tsohon gado

Iya zaɓen zare ba sabon ilmi ba ne a wannan yanki. Tun kafin zuwan kwarashi, mata ke gurzar auduga su shiɓe ta, su kaɗa ta da mazari, su fitar da siririn zare da kuma abawa mai kauri domin masaƙa.

A zamanin Daular Usmaniyya, tufafi na cikin manyan kyaututtukan da sarakuna ke bayarwa, kuma darajar riga na ga irin zarenta. Akwai tsamiya, wato silikin da ake samu daga saƙar wasu tsutsotsi na daji, akwai kuma alharini mai launin ja, wanda fatake ke kawowa daga Tarabulus ta hamadar Sahara.

Launin shuɗi kuwa daga baba ake samunsa a marina. Ya fara fuskantar gogayya ne bayan kamfanin BASF na Jamus ya shigar da shunin sinadari kasuwa a 1897.

Masaƙun zamani su ma ba su ɗore ba. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, kuma zaren saƙa mai yawa na shigowa ne daga ƙasashe irin su Sin da Turkiyya.

Wani abu guda da bai sauya ba shi ne hukuncin siliki. Malamai sun yi ittifaƙi a kan cewa bai halatta namiji ya sa tufafin zallar siliki ba, sai dai ɗan ado da bai wuce faɗin yatsu huɗu ba. Don haka mai saƙa wa namiji hula ko mayafin wuya sai ta duba takardar da ke jikin zaren. Zaren roba mai sheƙi, wanda 'yan kasuwa kan kira siliki, bai shiga wannan hukunci ba.

Batun launi

Ware ruwan hoda ga 'ya mace da shuɗi ga ɗa namiji al'ada ce da ta kafu a ƙasashen Yamma a ƙarni na 20, kuma ta samu karɓuwa a biranen arewa. Amma da yake ana suna ne a rana ta bakwai, mai saƙa kan fara aiki tun kafin haihuwa. Idan ba a san abin da za a haifa ba, fari da rawaya da kore mai haske sun fi zama lafiya.

Fari na da farin jini, sai dai ƙurar hunturu ba ta raga masa. Ga abin da za a riƙa fita da shi, ruwan toka da ruwan ƙasa da shuɗi mai duhu sun fi rufa asiri.

Idan kyautar ta babba ce, launin mayafai da atamfofin da ƙawar ta saba sawa ya fi zama abin dogaro a kan launin da mai saƙar ke so wa kanta.

Ja da baƙi da shuɗi mai duhu, musamman na auduga mai araha, sukan yi zuba. Kafin a haɗa su da fari, akan jiƙa guntun zaren a ruwan ɗumi da sabulu, a matse shi cikin farin ƙyalle a ga ko zai rine shi. Baƙin zare kuma na wahalar da ido, domin ba a ganin ramukan saƙar sosai, balle da dare idan babu wutar lantarki.

Kuskuren da ya fi yawa dai shi ne sayen zare kaɗan-kaɗan. Masana'anta na rina zare ne rukuni-rukuni, kuma kowane rukuni da lambarsa a jikin takarda. Dunƙule biyu masu suna ɗaya amma lamba daban sukan bambanta da ɗan kaɗan, bambancin da ba a gani a cikin shago sai an shimfiɗa saƙar a rana.

Akan sayar da zaren ne a dunƙulen giram 50 ko 100, kuma kwarashi ya fi kibiya cin zare. Dunƙule ɗaya na giram 50 kan isa hular jariri, amma bargo na bukatar da dama. Shi ya sa gogaggun masu saƙa ke sayen duk abin da aikin zai ci a lokaci guda, su ƙara da dunƙule ɗaya, sannan su sa takardar zaren cikin kyautar domin wadda aka ba ta san yadda za ta wanke ta.