Masu zama a zana su a Samaru

Sashen zane-zane ya taso daga Ibadan zuwa Zariya a 1955, tun makarantar tana kwaleji, kafin ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Yawancin malaman farko Turawan Ingila ne, kuma da tsarin gidansu suka zo: ɗalibi bai cika mai zane ba sai ya iya ɗora mutum mai rai a kan takarda. Ke nan dole a samo wanda zai zauna a kalle shi, kuma a Samaru da Sabon Gari ake samo shi.

Mu da muka yi zamani a ɗakin zanen mun san aikin nan ba na rago ba ne. A ɗora mutum kan kujera bisa dandamali, a zagaye tafin ƙafarsa da alli, domin in ya tashi miƙe jiki ya koma daidai inda yake. Ɗalibai su kewaye shi, kowa ya miƙa hannu riƙe da fensir, ya kanne ido ɗaya, yana auna tsawon kai da babban yatsa. Ƙafa ta yi tsami, ƙuda ya sauka a hanci, ba halin korewa. Dattawa sun fi iyawa. Nakan tuna wani tsoho mai furfura da kan cusa goro a kunci kafin a fara. In ka duba zanen 'yan ajinmu, duk kumatun hagu ya fi na dama tudu.

A 1958 su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya, suka ce a gauraya dabarar Bature da gadon gida. Sun yi wa manhaja tawaye, amma ba su daina kallon mutanen gari ba. Jimo Akolo ya zana makaɗin Hausa da mahayan Fulani, Okeke ya zana masu Sallar Juma'a. Lura da sunayen ayyukan: sana'a ce, ko ƙabila, ko rana. Shi mutumin babu sunansa.

Ben Enwonwu, wanda ba ɗan makarantar Zariya ba ne, ya bi wata hanyar. Ya zana Adetutu Ademiluyi, 'yar gidan sarautar Ife, har sau uku a tsakanin 1973 da 1974, ya kuma sa wa aikin sunanta, Tutu. Da ɗaya daga ciki ya ɓulla a Landan, aka yi gwanjonsa a Bonhams a 2018 kan kusan fam miliyan 1.2, jaridu suka shiga cigiyar ita kanta matar. A ganina ba kyau Tutu ta fi masu zaman Samaru ba. Gata ta fi su, mai zanen kuma ya ɗauke ta mutum guda, ba darasin aji ba.

A nan kuwa fuska ɗaya kan bi hannun ɗalibai aji bayan aji, tun daga zamanin malamar sashen Clara Ugbodaga-Ngu har zuwa na malam Gani Odutokun, wanda ya rasu a haɗarin mota a 1995. Chika Okeke-Agulu ya bi diddigin masu zanen farko a littafinsa na 2015. Wanda zai rubuta na masu zaman kuwa, sai ya tattara tsofaffin zane-zanen gawayi ya shiga unguwannin Samaru yana tambayar dattawa ko sun shaida fuskar.