Dodon Amurka da Ya Tsufa: Marilyn Manson da Takaicin Masoyansa

A tsakiyar shekarun 1990, in kana so ka ga hankalin uba ko uwa ya tashi a Amurka, ka ambaci sunan Marilyn Manson. Limaman coci suna wa'azi a kansa, 'yan majalisa suna zama saboda shi, garuruwa suna neman hanyar hana shi shigowa. Yau kuwa, ka tambayi waɗanda suka tashi da waƙoƙinsa, da yawansu sai su girgiza kai su ce ai mutumin ya daɗe da ƙarewa. Ga yadda aka yi aka zo nan.

Sana'ar firgita 'yan kallo da kiɗan rok ta girme shi. Tun shekarun 1950 Screamin' Jay Hawkins yake fitowa daga cikin akwatin gawa a kan dandamali. Alice Cooper ya zo da macizai da injin sare kai na wasa. Ozzy Osbourne ya gartsa wa jemage cizo a kai a garin Des Moines a 1982. Duk waɗannan an ɗauke su 'yan wasa masu neman suna. Manson ne ya zo ya sa mutane suka yarda cewa shi da gaske yake.

Sunansa na yanka Brian Hugh Warner, an haife shi ranar 5 ga Janairun 1969 a Canton ta jihar Ohio. Makarantar Kirista masu tsananin riƙo da addini aka sa shi, inda malamai suke tsoratar da yara da labarin tashin duniya da Dujal, suna kuma gaya musu waɗanne mawaƙa ne bayin Shaiɗan. Yaron ya haddace duk abin da malamansa suke tsoro, ya ajiye. Da iyalinsa suka koma Florida ya karanci aikin jarida, ya riƙa yi wa wata mujallar kiɗa rubutu, kuma wannan ma ku riƙe shi: kafin ya zama labari, ya san yadda ake haɗa labari. A 1989 shi da makaɗin jita Scott Putesky suka kafa ƙungiya. Kowa ya ɗauki sunan wata tauraruwa ya haɗa da na wani makashi, shi ya haɗa Marilyn Monroe da Charles Manson.

Wanda ya ɗaga su shi ne Trent Reznor na ƙungiyar Nine Inch Nails, da ya ɗauke su a kamfaninsa na Nothing Records. Faifan farko ya fito a 1994, amma sai da suka sake rera tsohuwar waƙar ƙungiyar Eurythmics, "Sweet Dreams", a 1995, tashar MTV ta riƙa haska bidiyonta ba dare ba rana, sannan duk ƙasar ta ga fuskarsa: fari fat kamar gawa, ido ɗaya fari, leɓe baƙi, siriri kamar a hure shi ya faɗi. A Oktoban 1996 faifan Antichrist Superstar ya fito, wanda aka naɗa a New Orleans cikin wani gini da a da gidan shirya gawa ne, ya shiga jerin Billboard a lamba ta uku.

Daga nan ne wutar ta kama. Yana hawa mumbari a kan dandamali da shigar ɗan kama-karya, yana yayyaga Baibul yana watsa wa jama'a. Ni dai ban ga gwaninta a wulaƙanta littafin da wasu suke girmamawa ba, amma mai ba da tarihi dole ya faɗi abin da ya faru. Ƙungiyoyin Kirista suka riƙa yin dafifi a ƙofar duk inda zai yi wasa. Jita-jita ta yi yawa, wai yana jefa 'yan kwikwiyo cikin taro a yayyaga su, wai ya sa an cire masa haƙarƙari, kuma babu wadda aka tabbatar. Sanata Joe Lieberman ya ce da wuya in wani babban kamfanin faifai ya taɓa tallata ƙungiya mai ƙazanta irin wannan. A Carolina ta Kudu a 1997 har kuɗi aka biya don kada wasan ya gudana. Shi kuwa gaba ta kai shi, gobarar Titi. Kowace zanga-zanga talla ce da bai biya ko sisi ba, kowane yaron da iyayensa suka hana shi sauraro ya ƙara ƙwallafa rai.

A nan ne masu raina shi suke kuskure, kuma a nan ne za ku gane dalilin da ya sa takaicin masoyansa ya yi zurfi. Mutumin yana da waƙoƙi. Faifai uku da ya yi a jere, Antichrist Superstar, da Mechanical Animals na 1998 wanda ya zo na ɗaya, da Holy Wood na 2000, labari ɗaya ne aka tsara shi kashi uku, kowanne da sautinsa da shigarsa. Yana sukar munafuncin masu wa'azin talabijin, da bautar taurari, da son bindiga da ya zame wa Amurka jiki. In aka zaunar da shi hira sai a ga mutum mai sanyin murya, mai karatu, yana kayar da mai tambaya ba tare da ɗaga murya ba. Yaran da ake tsangwama a makaranta, waɗanda ba su iya ƙwallo ba, ba su da farin jini, suka ga sun sami mai magana da yawunsu.

Ranar 20 ga Afrilun 1999 wasu ɗalibai biyu suka buɗe wuta a makarantar Columbine ta jihar Colorado, suka kashe ɗalibai 12 da malami ɗaya a ranar. Kafin a gama binne gawawwaki an ɗora wa Manson laifi, alhali daga baya ta bayyana yaran ba masoyansa ba ne. Ya soke sauran wasanninsa, ya kulle kansa a gida. Da mai shirya fim Michael Moore ya tambaye shi, a fim ɗin Bowling for Columbine na 2002, me zai gaya wa yaran garin, sai ya nuna ba zai ce musu komai ba, sauraronsu zai yi, domin abin da ba wanda ya yi ke nan. Har waɗanda ba sa ƙaunarsa sun jinjina wa amsar. Masoya da yawa suna ganin wannan ce ranar ƙarshe da ya fi kowa hankali a ɗaki.

Alamar tsufa ta fara ne da dariya. A farkon 2001 jaridar barkwanci The Onion ta buga labarin ƙarya cewa wai Manson yanzu gida-gida yake bi yana ƙwanƙwasa ƙofa ko zai samu wanda zai firgita. Dodo kuwa in yara suka hango ƙafar mutum a ƙarƙashin rigarsa, wasa ya ƙare. A lokacin mawaƙi Eminem ya riga ya ƙwace masa kujerar wanda iyaye suke tsoro. Sai harin 11 ga Satumba, sai yaƙin Iraƙi, sai intanet ta kawo wa kowa hotunan ta'asa ta gaskiya har cikin ɗakinsa. Wa zai razana da jan-baki da jinin roba?

Amma a ganina abin da ya fi yi masa illa shi ne watsewar mutanensa. Manson mai kalmomi ne da shiga da murya, kiɗan kuwa yawanci wasu ne suke tsara shi. Putesky ya tafi tun 1996. Shi da Reznor suka ɓata. Twiggy Ramirez, wanda hannunsa yake cikin manyan waƙoƙin, ya fita a 2002. Makaɗi John 5 ya bi shi a 2004. Makaɗin da ake kira Madonna Wayne Gacy ya tafi a 2007, ya kuma kai shi kotu kan kuɗi. Faifan The Golden Age of Grotesque na 2003 ya zo na ɗaya, amma tun a nan masu kunne suka fara cewa ado ya fi ma'ana yawa.

Faifan Eat Me, Drink Me na 2007 shi ne inda rigimar masoya ta fito fili. Aurensa da Dita Von Teese ya mutu, ya koma soyayya da 'yar fim Evan Rachel Wood, yarinyar da ya ba wa shekara 18, faifan kuma ya cika da kukan zuciya. Mutumin da yake faɗa da coci da gwamnati da talabijin ya dawo yana ba da labarin ɗakin kwanansa. Twiggy ya dawo a 2008, aka sa rai, The High End of Low na 2009 ya fito da tsawo da maimaici da zagi marar dalili, kamar mai kwaikwayon kansa. Kafin shekarar ta ƙare shi da kamfanin faifansa, Interscope, sun rabu. A wannan shekarar ce ma ya yi wa 'yan jaridar da suke sukarsa barazana a intanet. Wanzami ba ya son jarfa.

Faifai dai ana iya jayayya a kansa. Dandamali ba ya ɓoye komai. Waɗanda suka biya kuɗin tikiti a waɗannan shekaru ƙorafinsu iri ɗaya ne: ya zo a buge, yana manta baiti, numfashi ba ya kai shi, ya miƙa wa jama'a makirfo su yi masa waƙar, ya tsaya tsakanin waƙoƙi yana surutun da ba kai ba gindi. Ihun nan nasa mai tsaga kunne ya koma kakari. A 2012, suna rangadi tare da mawaƙi Rob Zombie, suka yi cacar baki a gaban jama'a a Michigan kan lokacin wasa. A 2013 ya yanke jiki ya faɗi a kan dandamali a Saskatoon ta Kanada.

Sai ga The Pale Emperor a 2015, wanda ya yi da Tyler Bates, mai tsara kiɗan fina-finai. Ya rage gudu, ya rage ihu, ya bar muryarsa ta tsufa yadda take, masu sharhi suka ce rabonsa da aiki mai kyau haka an fi shekara goma. Ku lura da abin da ya gyaru: ya sake samun makaɗi ne. Murnar ba ta daɗe ba. A 2017 mahaifinsa ya rasu, a ƙarshen Satumba wasu manyan bindigogin ado suka rikito masa a New York suka karya masa ƙafa, a Oktoba Putesky ya mutu, aka kuma sallami Twiggy bayan an zarge shi da fyaɗe. A Fabrairun 2018, a Huntington ta jihar New York, ya yi 'yan waƙoƙi kaɗan, ya tsaya yana roƙon jama'a su ce suna ƙaunarsa, ya jefar da makirfo ya tafi. 'Yan kallo suka riƙa ihun a mayar musu da kuɗinsu.

Masoya sukan kwatanta shi da Alice Cooper, wanda suka yi rangadi tare a 2013. Cooper ya girme shi da shekara 21, shi ma giya ta kusa kashe shi, har akwai faifan farkon shekarun 1980 da ya ce bai tuna ya naɗa su ba. Amma ya daina sha a 1983, ya raba kansa da dodon da yake wasa: a sare masa kai da dare, da safe ya tafi wasan golf. Manson ya sha nuna cewa shi babu irin wannan katanga tsakanin Brian Warner da Marilyn Manson. Shekara da shekaru ana jin wannan a matsayin cika baki na ɗan wasa.

Ranar 1 ga Fabrairun 2021 Evan Rachel Wood ta ambaci sunansa, ta ce ya azabtar da ita tsawon shekaru. Wasu mata suka biyo baya da zarge-zargen duka da fyaɗe. Ya musanta dukkan zarge-zargen. Kamfaninsa na Loma Vista ya sallame shi nan take. Ya kai Wood ƙara kan ɓata suna, ya janye a ƙarshen 2024. A Janairun 2025 ofishin mai gabatar da ƙara na Los Angeles ya ce ba zai gurfanar da shi ba, saboda wa'adin wasu zarge-zargen ya wuce, sauran kuma hujja ba ta isa ba. Ba a same shi da laifi a kotu kan waɗannan zarge-zargen ba, amma masoya da yawa sun koma sun saurari tsofaffin hirarrakinsa, inda yake faɗin abubuwan da yake ji zai iya yi wa mata, waɗanda a da suka yi musu dariya, suka kasa dariya. Wasu suka rufe zanen fuskarsa da suka yi a jikinsu.

Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne, a Nuwamban 2024 ya fitar da faifan One Assassination Under God, shi da Tyler Bates kuma. Ya rame, an ce ya daina sha, waɗanda suka je wasanninsa suna cewa muryar ta dawo fiye da yadda suka ji ta shekara da shekaru. Abin da masoya suka yi ta roƙo tun 2007 ya samu, a lokacin da wani ɓangare nasu ba zai iya shiga zauren ba. A 2025 aka soke wasan da zai yi a Brighton ta Ingila bayan matsin lamba, wannan karon daga masu fafutukar kare mata da 'yar majalisar yankin, Siân Berry ta jam'iyyar Green.