Akori-Kura da Direbobinta: Tarihin Gyaran Mota da Hannun Mai Ita a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Hausa daga shekarun 1970 zuwa ƙarshen ƙarni na ashirin ya san motar nan da ake kira akori-kura, wato ƙaramar motar ɗaukar kaya mai buɗaɗɗen baya. Ita ce ke kai hatsi kasuwa, ta ɗauki kayan ɗakin amarya, a ƙauyuka da dama kuma ita ce ke kai mai naƙuda asibiti. An yi rubuce-rubuce a kan kamfanonin da suka ƙera motoci da manufofin gwamnati game da su, amma ba a cika waiwayar mutanen da suka riƙe waɗannan motoci shekara ashirin ko talatin da ƙarfin hannunsu ba. Wannan maƙala za ta dubi yadda akori-kura ta samu gindin zama a Arewacin Nijeriya, da dalilan da suka sa direbobinta suka zama kanikawan kansu, da irin ilimin da suka tara, da kuma halin da wannan ilimi yake ciki a yau.

2.0 Shigowar Akori-Kura

Kafin zuwan mota, jaki da raƙumi da takarkari su ne abin sufurin Bahaushe. Layin dogo ya iso Kano a shekarar 1911, ya kuma buɗe ƙofar cinikin gyaɗa, amma jirgin ƙasa ba ya barin dogonsa. Daga gona zuwa tasha sai dai dabba, har zuwa lokacin da manyan motoci masu bodin katako suka yawaita bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Su ma waɗannan manyan motoci ba kowa ke iya mallakarsu ba, ba kuma kowace hanya suke shiga ba. Wannan giɓi da ke tsakanin jaki da babbar mota shi ne akori-kura ta cike.

Motar da ta fi yin suna a wannan fage ita ce ta kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa, wadda Hausawa ke kira Fijo. Kamfanin ya fito da samfurin 404 a shekarar 1960, ya biyo da 504 a 1968, kowanne kuma daga baya an yi masa na ɗaukar kaya. A shekarar 1972 aka kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, a 1975 kuma Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antarsa a Kakuri, cikin garin Kaduna. A shekarun farko ta jirgin sama ake kawo sassan motocin daga birnin Liyon na Faransa zuwa Kano, sannan a wuce da su Kaduna a harhaɗa. Buɗe masana'antar ya dace da zamanin garaɓasar man fetur da ƙarin albashin Udoji, lokacin da kuɗi suka wadata a hannun jama'a. Hukumomin gwamnati da kamfanoni suka sayi motocin da yawa, bayan 'yan shekaru su yi gwanjonsu, su faɗa hannun 'yan kasuwa da direbobin haya. Ta wannan hanya ce akori-kura ta gangara daga ofis zuwa tashar ƙauye. Akwai na Japan kamar Datsun da Toyota, amma Fijo ta fi su sauƙin kayan gyara a wancan lokaci, tun da a gida ake haɗa ta.

Aikin da ta tarar ba kaɗan ba ne. Kasuwannin mako irin su Wudil ranar Juma'a, da Dambatta ranar Lahadi, da Maigatari ranar Alhamis, duk suna buƙatar motar da za ta bi burji da yashi. Bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a shekarun 1970, noman rani ya bunƙasa a yankin Kadawa da Kura, tumatir kuwa ba ya jiran gobe. Direban da motarsa ta mutu a hanya da kwandunan tumatir a baya, asara ce ta hau kansa da kan manomin da ya ba shi amana.

3.0 Dalilan da Suka Sa Direba Ya Zama Bakanike

Dalili na farko shi ne ƙirar motar kanta. Injin 404 mai silinda huɗu ne, kafireta ke ba shi mai, kwantak da kwayil ke ba shi wuta. Babu wata na'ura mai ƙwaƙwalwa a cikinsa. Idan aka ɗaga bonet, kusan komai yana fili, hannu yana kaiwa gare shi. Ƙafafun baya ne ke jan motar, a kan sifirin na faranti suke, irin wanda maƙeri ko mai walda zai iya ƙara wa ƙarfi. Mutumin da bai taɓa shiga aji ba yana iya fahimtar wannan inji da ido da kunne.

Dalili na biyu shi ne nisa. Gareji a birni yake, lalacewar mota kuwa a daji take faruwa. A zamanin da babu wayar hannu, wanda motarsa ta tsaya tsakanin ƙauye da ƙauye ba shi da mai taimako sai yaron motarsa da akwatin kayan aikinsa.

Dalili na uku shi ne tattalin arziki. Farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya a farkon shekarun 1980, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta shigo da matakan tsuke bakin aljihu a 1982, aka taƙaita shigo da kaya daga waje. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP, darajar naira ta zube. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, balle direban ƙauye. Motar da a da ake sayarwa bayan shekara biyar, sai ta zama dukiyar da za a riƙe har a bar wa magada. Daga nan gyara ya tashi daga zaɓi ya koma tilas.

4.0 Yadda Ake Koyon Aikin

Ba a makaranta ake koyon wannan ilimi ba. Yaro yakan fara ne a matsayin yaron mota, wanda ake kira karen mota. Aikinsa wanke mota, ɗaura kaya, sa weji a bayan taya idan an tsaya a gangare, da tura mota idan batir ya yi sanyi. Kowace safiya maigidansa zai sa shi ya duba abubuwa huɗu kafin a tayar da inji: ruwan lagireto, baƙin mai, man birki da iskar taya. Sai ya shekara yana miƙa sufana kafin a bar shi ya kwance fulogi, sai kuma ya iya gyara kafin a ba shi sitiyari. Tsofaffin direbobi ba su ɗauki wanda ya iya tuƙi kawai a matsayin cikakken direba ba. Wannan tsari bai bambanta da yadda ake koyon ƙira ko jima ko dukanci ba, inda yaro ke zama a gaban maigida shekaru yana kallo kafin ya kama aiki.

Kayan aikin ba su da yawa: jak, sufanu, filaya, sukundireba, famfon iska, kayan faci, guntun waya, igiyar roba da aka yanka daga tsohon tif, jarkar ruwa, da safayar fambel da fulogi da kwantak. Idan mota ta mutu, ƙa'idar da ake bi ita ce a fara tambaya: mai ne ko wuta? Direba zai cire wayar fulogi ya kusanta ta da jikin inji a buga, idan ya ga tartsatsi ya san wuta na zuwa, sai ya koma kan mai. Zai zare tiyo ya ga ko famfo na turo fetur, ya kwance kafireta ya hure ƙurar da ta toshe ta, musamman a lokacin hunturu. Idan kuwa babu wuta, zai buɗe kan distirbuta ya goge bakin kwantak, ya daidaita tazararsa. Littafin kamfani ya ce tazarar ta zama milimita 0.4, direban da ba shi da ma'auni kuwa da ɗan kwali yake kwatanta ta, kuma sau da yawa yakan dace. Da yawansu suna gane ciwon inji daga ƙararsa ko daga launin hayaƙin salansa: baƙi alamar fetur ya yi yawa, shuɗi kuma alamar inji na shan baƙin mai.

Abin da ya fi ƙarfin direba shi ne ake kai wa masu sana'a, su ma kowa da fanninsa: bakanike na inji, mai gyaran waya, mai walda, mai bugun bodi, da mai faci. Kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna suka zama matattarar kayan gyara, inda ake farke matacciyar mota a rayar da wasu goma da sassanta. 'Yan kasuwar ƙabilar Ibo, musamman mutanen Nnewi, sun taka muhimmiyar rawa wajen kai sababbin kayan gyara kusan kowane gari a Arewa.

5.0 Dabarun Hanya da Haɗarinsu

Tarihi ba yabo ba ne kaɗai, dole a faɗi inda aka yi kuskure. Wasu dabarun an ƙirƙire su ne don a kai gari kawai. Tankin mai idan ya tsage akan shafa masa sabulu. Famfon mai idan ya mutu akan ɗora jarka a saman mota a jawo tiyo zuwa kafireta. Sifirin idan ya karye akan ɗaure shi da katako da igiyar roba. Lagireto mai yoyo akan fasa masa ɗanyen ƙwai ya toshe ƙofar na ɗan lokaci. Matsalar ita ce, abin da aka yi don tafiyar mil goma sai a bar shi wata shida.

Wasu dabarun kuma tun asali ɓarna ne. Zuba ruwan garin sabulu a madadin man birki yana cinye robobi, yana sa tsatsa, ruwan kuma yana tafasa idan birki ya yi zafi, sai direba ya taka ya ji wayam. Maye gurbin fis da waya yana jawo gobara. Zuƙo fetur da baki yana cutar da huhu. Shiga ƙarƙashin mota alhali jak kaɗai ke riƙe da ita ya halaka mutane. Sai kuma lodin da ya wuce ƙima: motar da aka ƙera don kimanin tan ɗaya a labta mata ninkinsa, mutane kuma su hau saman kaya. Ƙarin farantin sifirin yana hana bodi zama a kan taya, amma ba ya ƙara wa birki ƙarfi. Yawan haɗurra a hanyoyin ƙasar nan na daga cikin dalilan kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a shekarar 1988. Direbobin kirki sun san bambancin dabara da ganganci, shi ya sa suke cewa rigakafi ya fi magani.

6.0 Sauyin Zamani

Tun daga ƙarshen shekarun 1980 motocin da aka yi amfani da su a Turai suka fara kwararowa ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano, wasu ta Jamhuriyar Nijar, har aka riƙa kiransu 'yan Kwatano. Wannan ya raunana masana'antun cikin gida. An daina ƙera 504 ta shiga a Faransa tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. A 2006 gwamnati ta sayar da mafi yawan hannun jarinta a kamfanin ga 'yan kasuwa. A hankali Toyota Hilux ta karɓe aikin hukumomi, ƙananan motocin Japan da babura masu ƙafa uku suka karɓe jigilar cikin gari. Janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ƙara wa masu tsofaffin injuna nauyi, domin kafireta ta fi injin zamani shan mai.

Motocin yau kwamfuta ce ke raba musu mai da wuta. Idan suka samu matsala sai an jona musu na'urar bincike kafin a san ciwon. Sun fi tsofaffin ƙarfi da tsimin mai da kare rai, amma sun rage abin da mai mota zai iya yi da hannunsa. Duk da haka, sauya baƙin mai da matatarsa, duba birki, kula da taya da batir, har yanzu ayyuka ne da mai mota zai iya koya. Akori-kura ta Fijo kuwa ba ta ƙare ba, ana ganin ragowarta a kasuwannin ƙauye tana ɗaukar itace da buhuna.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa daɗewar akori-kura a ƙasar Hausa ba ingancin ƙarfe kaɗai ya kawo shi ba. Sauƙin ƙirarta, da nisan gareji, da matsin tattalin arziki, su suka haɗu da tsohuwar al'adar koyon sana'a a gaban maigida, suka samar da direbobin da suka riƙe sufurin karkara fiye da shekara talatin. Mafi yawan waɗannan mutane ba su rubuta komai ba, waɗanda suka fara tuƙi a zamanin Gowon kuma yanzu sun haura shekara saba'in.

Tsarin ilimi na 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya shigo da darasin gabatar da fasaha a ƙananan sakandare, amma a makarantu da dama rashin wutar lantarki da ƙwararrun malamai ya hana a yi amfani da injunan da aka kawo, alhali masu ilimin aikin suna zaune a tashar da ke bayan makaranta. Malami zai iya gayyato tsohon direba ya buɗe bonet a gaban ɗalibai, ko ya tura su su rubuta sunayen sassan mota da Hausa da labaran hanyoyin da aka bi. Ya kamata kuma gidajen adana kayan tarihi su nemi ko da akori-kura ɗaya da akwatin kayan aikinta su ajiye, tun kafin 'yan gwangwan su auna ta ƙarshe a sikeli.