Kafso Kafin Gwaji: Nazarin Shan Antibayotik a Karkarar Gezawa

Gabatarwa

Wannan nazari ya dubi yadda ake shan antibayotik a garuruwan Ƙaramar Hukumar Gezawa ta Jihar Kano, irin su Jogana da Babawa da Tsamiya Babba, inda kemis ya fi asibiti kusa da yawancin gidaje. Matsalar fuska biyu gare ta: ana shan maganin inda ba ya amfani, ana kuma jinkirta shi inda rai ya dogara a kansa. Tushensu ɗaya ne, wato sayen magani kafin a tantance cuta.

Inda Maganin Ba Ya Aiki

Antibayotik bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa bairos. Murar hunturu da yawancin tari da ciwon maƙogwaro bairos ne ke kawo su, kuma sukan lafa cikin kwana 7 zuwa 10, ko da yake tari kan kai mako uku. Gudawar yara mai ruwa-ruwa ruwan gishiri da sukari take buƙata, da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, ba Flagyl ba. Zazzaɓin cizon sauro kuwa, wanda ke ƙamari daga tsakiyar damina zuwa kaka, maganinsa daban ne, kuma gwajin ɗigon jini kan nuna shi cikin minti 20.

A kantar kemis ba a cika bin wannan rabe-rabe ba. Magidanci zai ce, "Malam, haɗa mini na ɗari biyar." Sai a ƙulla masa farasitamol da kafso ja-da-yalo biyu da Ampiclox guda a leda. Bayan kwanaki mura ta warke don kanta, yabo ya tafi ga kafso, gobe ma shi za a nema. Haka nan ake yawan yanke hukuncin "taifod" bisa gwajin Widal guda, alhali gwajin kan nuna cutar a jikin wanda ba ya da ita.

Inda Jinkiri Ke Kisa

Akwai alamomin da ba su jira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan yaro mai tari ɗan wata 2 zuwa 11 yana numfashi sau 50 ko fiye a minti, ko sau 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, limoniya ake zargi, kuma amoxicillin ne maganin farko. Haka gudawa mai jini, da zazzaɓi mai sanƙarar da wuya a lokacin zafi, da kowane irin zazzaɓi a jikin jaririn da bai kai wata biyu ba. Annobar mashaƙo da ta ɓarke a ƙarshen 2022, wadda Kano ta fi kowace jiha yawan masu kamuwa, ta nuna haɗarin: ciwon kan fara kamar na maƙogwaro, sai farar yana ta toshe numfashi. Kafso biyu na kemis ba sa warkar da shi, sai dai su jinkirta zuwa asibiti.

Abin da Ke Biyo Baya

Tun a 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi gargaɗin cewa shan ƙasa da ƙima kan sa ƙwayar cuta ta daina jin magani. Raunana ke mutuwa, masu tauri su tsira su hayayyafa, su bazu ta ruwan rijiya da hannu da bayan gida. Binciken da mujallar The Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa wannan bijirewa ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Masu kiwon kaji da ke zuba maganin a ruwan sha don rigakafi suna ƙara rura wutar.

Kammalawa

Nijeriya ta fitar da tsarinta na yaƙi da matsalar a 2017, kuma a 2024 aka mayar da dillalan magani na Sabon Garin Kano zuwa cibiyar Dangwauro. Wannan zai taimaka wajen ingancin magani, amma bai amsa tambayar wa ya kamata ya sha ba. Hana sayarwa kawai zai cuci yaron ƙauye mai limoniya. Abin da ya fi dacewa shi ne a horar da masu kemis su yi gwajin maleriya, su ƙirga numfashi da agogo, su san lokacin tura mara lafiya Babban Asibitin Gezawa, wanda aka rubuta wa magani kuma ya sha shi daidai yadda likita ya ce.