Massey Ferguson

Massey Ferguson, wanda ake taƙaitawa MF, kamfani ne mai ƙera taraktoci da sauran injinan noma. Ya samu ne a shekarar 1953, lokacin da kamfanin Massey-Harris na Kanada ya haɗe da na Harry Ferguson na Birtaniya. A 1958 aka rage sunan ya koma yadda yake a yau. Tun 1994 yana hannun kamfanin AGCO na Amurka.

Asali

Daniel Massey ya buɗe maƙerar kayan noma a garin Newcastle na lardin Ontario a 1847. A 1891 kamfaninsa ya haɗe da na iyalan Harris, suka yi suna wajen injinan girbi. Amma ta fuskar tarakta, fasahar daga wajen Ferguson ta zo.

Tsarin Ferguson

An haifi Harry Ferguson a 1884 a arewacin Ireland, ɗan manomi ne. A zamaninsa tarakta jan garma kawai take yi a baya, kamar yadda shanun huɗa ke ja. Idan garmar ta ci karo da dutse ko saiwar itace, sai gaban taraktar ya ɗaga sama, wani lokaci ta kife a kan direban. Manoma da dama sun rasa rayukansu ta haka.

Ferguson ya maƙala garmar a jikin taraktar ta wurare uku, hannuwa biyu a ƙasa, ɗaya a sama. Idan garma ta cije, hannun saman yana danne gaban taraktar, nauyin kuma ya sauka a kan tayoyin baya su ƙara riƙe ƙasa. Na'urar haidurolik ce ke ɗaga garmar tana daidaita zurfin huɗa. Shi ya sa ƙaramar tarakta ke iya aikin babba, kuma yawancin taraktocin yau da wannan tsarin suke aiki.

A 1938 ya ƙulla yarjejeniyar baka da Henry Ford, ba takarda, musabaha kawai. Daga nan aka samu Ford 9N a 1939. Da kamfanin Ford ya janye, Ferguson ya kai ƙara kotu, a 1952 aka sasanta a kan dala miliyan 9.25.

TE20 da magadanta

Daga 1946 zuwa 1956 an ƙera TE20 fiye da 500,000 a birnin Coventry na Ingila. Haruffan TE na nufin tarakta ta Ingila, manoman can kuma suna mata kirari da 'yar Fergie mai ruwan toka. Irinta Edmund Hillary ya tuƙa a kan ƙanƙara har tsakiyar Antatika, ya isa a Janairun 1958.

Bayanta aka yi MF 35, sai MF 135 a 1964, masu jan fenti. Kamfanin ya sayi Perkins, mai ƙera injin dizal, a 1959. Sauƙin gyara da samuwar kayan gyara ya sa tsofaffin MF ke huɗa har yanzu a Afirka da Asiya, har da gonakin arewacin Najeriya. An daina ƙera tarakta a masana'antar Coventry a ƙarshen 2002.