Yadda Ruwa Ya Haɗa Lita da Kilo

Masanan Faransa ne suka tsara da gangan cewa lita guda ta ruwa ta yi nauyin kilo guda, kuma sun yi hakan ne a zamanin juyin juya halin ƙasarsu, lokacin da kusan kowane lardi ke da nasa mudu da nasa ma'auni, har ciniki tsakanin gari da gari ya zama abin gardama. Dokar 7 ga Afrilu 1795 ta ayyana lita a matsayin abin da zai cika akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa kowanne santimita 10 ne, sannan ta ce giram shi ne nauyin tsantsar ruwan da zai cika ɗan akwati mai santimita ɗaya ta kowace fuska. Tun da irin wannan ɗan akwati guda 1,000 ne ke shiga lita, sai nauyinta ya zama giram 1,000, wato kilo.

Auna wannan ruwa ya fi rubuta dokar wuya nesa ba kusa ba. Antoine Lavoisier na cikin waɗanda suka fara aikin, amma aka fille masa kai a 1794. A 1799 Lefèvre-Gineau da Fabbroni, mutumin Italiya, suka kammala awon, kuma suka zaɓi ruwa mai sanyin digiri 4 a ma'aunin Salshiyos, domin a nan ne ruwa ya fi curewa, ma'ana lita guda ta fi nauyi. Da ya ƙara sanyi ko ɗumi sai ya buɗe ya yi sauƙi. A bisa sakamakonsu aka ƙera dunƙulen ƙarfen filatinam a matsayin ma'aunin kilo aka adana a Faris.

Daga baya ingantaccen awo ya nuna cewa dunƙulen ya ɗan fi ruwan akwatin lita nauyi. Babban taron ma'aunai na duniya na 1901 ya mayar da lita ta zama wurin da kilo guda na ruwa ke cikewa, abin da ya sa ta zarce akwatin da kimanin kashi 28 cikin miliyan, kuma sai a 1964 aka soke wannan hukunci aka koma ma'anar farko.

Daidaiton na ruwa ne kaɗai, domin kowane abu mai gudana yana da nasa curewar, kuma ana samun nauyinsa ne idan aka ninka yawan litocinsa da nauyin lita ɗaya. Litar man gyaɗa kimanin giram 910 ce, ta fetur wajen 740, ta zuma kuwa ta kai 1,400, shi ya sa man gyaɗan da ya cika jarka mai lita 25 bai cika kilo 23 a kan sikeli ba, alhali zumar da ta cika ta tana kaiwa kilo 35.