Daga Ramin Mesa Zuwa Akwatin Gilashi: Yadda Aka Fara Kiwon Manyan Macizai

Duk wanda ya tashi a Runka, a bakin Dajin Rugu, ya san mesa ko da bai taɓa haɗa ido da ita ba. Ya ji labarin wadda ta haɗiye ɗan akuya a fadama, ya ga fatarta a shanye wajen mafarauta, wataƙila ma ya tsaya ran kasuwa yana kallon gardi ya rataya ta a wuya. Amma in ka tambayi gardin inda ya samo ta, amsar ɗaya ce: daji. A ramin dabgi ko tsohon suri ake kamo ta, in ta mutu a koma a nemo wata. Mu da muka gaji kiwon shanu da tumaki da tantabaru, ba mu taɓa ɗaukar maciji abin da zai hayayyafa a hannun mutum ba. Yau kuwa sana'a ce babba a Amurka da Turai, kuma macizan Afirka ta Yamma na cikin waɗanda aka gina ta da su.

Su ma Turawan da kamu suka fara. Gidajen namun dajinsu kan sayi maciji daga hannun fatake, ya yi 'yan watanni sanyi ya kashe shi. A 1841, a birnin Faris, wani masani mai suna Achille Valenciennes ya lura da wata mesar Asiya da ta naɗe ƙwanta, ya auna ya tarar jikinta ya fi iskar ɗakin ɗumi, wasu ƙwan kuma suka ƙyanƙyashe. A 1862 wata mesa irin tamu ta yi kwanci a gidan namun daji na Landan. Ta yi makonni a kan ƙwai, amma duk suka ruɓe. Daga nan aka fara gane cewa sirrin yana wajen zafi da laima. Sai wajen shekarun 1970, da na'urar daidaita zafi da injin ƙyanƙyasa suka wadatu, masu sha'awa suka fara samun 'ya'ya a kai a kai. Sukan rage ɗumin ɗaki da dare na wasu makonni don su tayar da barbara, sannan su kwashe ƙwan su ajiye a zafin da ya kai kimanin digiri 31.

Launi ne ya mai da abin kasuwa. Akwai wata ƙaramar mesa mai dunƙulewa kamar ƙwallo in ta tsorata, wadda ake fitarwa da yawa daga Togo da Benin da Gana. Jefi-jefi akan kamo zabiya a cikinsu, fara da ɗigon rawaya. A 1992 wani Ba'amurke, Bob Clark, ya samu 'ya'ya zabiya daga irinta, a 1997 kuma Peter Kahl ya tabbatar cewa mai dabbare-dabbaren fari ita ma gadon abin take yi. Lissafin ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa zuwa gwajin jini kafin aure. Kamar yadda AS da AS kan haifi mai sikila ɗaya cikin huɗu, haka uwa da uba masu launin daji, in kowanne na ɗauke da zabiyanci a ɓoye, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu kan fito zabiya. Abin da ke damuna a nan shi ne wani zane mai kama da saƙar gizo-gizo da aka yi ta rububinsa. Macizan da ke ɗauke da shi kan zo da rawar kai da juwa, wani har ya kasa cafkar abincinsa daidai, amma saboda kyan fata aka ci gaba da yaɗa irin.

Anakonda kuwa, ƙatuwar macijiyar fadamun Kudancin Amurka wadda ta fi kowane maciji nauyi, ba ta shiga wannan kasuwar sosai ba. Tana son kududdufi mai ɗumi da fili mai faɗi, masu iya riƙe ta kaɗan ne, don haka launukan da aka fitar daga jikinta ba su taka kara sun karya ba. Ga shi kuma ba ta yin ƙwai a waje kamar mesa. Haihuwa take yi, bayan ciki na wata shida zuwa bakwai, galibi 'ya'ya ashirin zuwa arba'in, kuma yawancin lokacin ba ta cin komai. Ke nan babu ƙwan da mai kiwo zai kwashe ya kai inji, jikin uwar ne injin. In ɗaki ya yi sanyi 'ya'ya su mutu a ciki ko su fito da karkataccen baya. In an cika ta da abinci ta yi ƙiba, ga rashin motsi a ƙuntataccen wuri, sai naƙuda ta gagara, mataccen ɗa ko ƙwan da bai ɗauku ba ya toshe hanya. Likitan dabbobi kan gwada allurar naƙuda, in ta ƙi sai tiyata. A 2019, a wani gidan adana halittun ruwa da ke Boston, wata anakonda mai suna Anna ta haihu ba tare da ta taɓa haɗuwa da namiji ba, gwajin ƙwayoyin gado kuma ya tabbatar. Yawancin 'ya'yan a mace suka zo, biyu ne suka rayu.

Hukumomi ma sun sa baki. Amurka ta hana shigo da mesar Afirka da anakonda mai ruwan ɗorawa a 2012, ta ƙara da koriyar anakonda a 2015, bayan ganin ɓarnar da mesar Asiya ta yi a fadamun Fulorida.

A nan gida har yanzu daji ne kaɗai ke haifa mana mesa, dajin kuma gatari da rashin tsaro sun ci ƙarfinsa. Mesa ba ta da dafi, tana rage mana gafiya da ɓeraye a gona, ko da yake babba takan ɗauki akuya kuma ba abar wasa ba ce. Manomin Runka ko Batsari da ya tarar da ita a rami naɗe da ƙwanta, nesa da gida da garke, don Allah ya ja da baya ya bar ta. Sama da wata biyu take yi a kansu kafin su fashe.